Katin Da Ya Zo Cikin Ƙwarya

Shafi na 23

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Masu cika min waya da saƙo tun safe wai wa ya aiko da kati, ku sarara min haka nan, yau za ku ji da kunnenku. Masu rantsuwa cewa Ashiru ne kuma ina ganin sunayenku ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya goge abin da ya rubuta.

Ga wanda yau ya shigo: Zuwaira ce da ɗan shagonta a Ƙaraye, tana haɗa katun na yara da Hausa da Fillanci. Kwamfutarta ta tebur ba ta da katin hoto mai zaman kansa, da ɗan ƙaramin da aka haɗa a cikinta take lallaɓawa, shi ya sa duk mutumin da ta zana sai ya fito toka-toka, yana tafiya yana maƙalewa. Kwatsam sai ga kati sabo dal a kwalinsa, cikin ƙwarya an rufe da faifai. Bappa, ƙanin mahaifinta, shi ya kawo, ya ce wani ne ya ce a ba ta. Ciwon da ke ranta kuwa kun sani. Ita ce 'yar fari, tun yaye aka kawo ta wurin Goggo Sadiya, mahaifiyarta Inna Adama na can Gwangwan, kuma tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Ranar buɗe shago ma ba ta gan ta ba. Shi ne ta ce ita da Gwangwan an gama.

*

Sai da Bappa ya yi sallama sau biyu kafin a amsa masa.

Zuwaira na durƙushe a ƙasa, ta kwantar da akwatin kwamfutar ta buɗe cikinsa, sukundireba a hannu, fuskar nan a murtuke.

"Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa Bappa. Ya hanya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya aiki? Ya kasuwa?"

"Mun gode Allah."

Ya leƙa cikin akwatin ya washe baki.

"Ah, ashe har kin saka. Madalla."

"Cirewa nake yi."

"Cirewa? Lalatacce ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Mai shi zan mayar wa."

Bappa ya jawo kujera ya zauna a hankali.

"To wane ne mai shi?"

"Haba Bappa. Kai ma da kai za a haɗa baki? Kausar mai ɗinki ta gaya min komai. Ashiru mai shagon waya na can teburin mai shayi yana faɗa wa duk wanda ya zauna cewa ba don shi ba da ban ga katin nan ba. Mutumin da na ce ba na so, shi ne zai biyo ta bayan gida ya saye ni da ƙarfe? Wallahi gara na koma zane da fensir."

Ku kun san Zuwaira, idan zuciya ta ɗebe ta ko kan bijimi ne sai ta hau. Ta ci gaba da kwance noti tana huci.

"Zuwaira, ajiye ƙarfen nan."

"Bappa ka yi haƙuri, amma..."

"Na ce ki ajiye."

Ta ajiye. Bappa ba mai ɗaga murya ba ne, amma yau ya ɗaga.

"Ƙwaryar da na kawo abin a ciki tana ina?"

Ta nuna ƙarƙashin tebur.

"Ɗauko. Kifa ta."

Ta kifa. A gindin ƙwaryar akwai tsohuwar tsaga da aka ɗinke, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran jariri, kusa da shi an yi zane uku da wuta.

"Ashiru ne ke ɗinke ƙwarya?" in ji Bappa.

Zuwaira ta shafa zanen da yatsa. Duk ƙwaryar da ke ɗakin Inna da wannan zanen uku a gindinta, don kada ta ɓata a kasuwa. Ta sani sarai. Jiya ɗoki ne ya hana ta dubawa, yau kuma fushi.

"Ƙila... ƙila aro ka yi a wurinta."

"Ni da nake da jaka? Abin da Ashiru ya yi bai wuce wannan ba: ƙaninki Kabir ya tambaye shi inda ake sayar da irinsa a Kano, ya kwatanta masa shago. Sauran duk cika baki ne."

"To wa ya saya?"

"Kin tuna farar saniyar nan mai karyayyen ƙaho?"

"Ta Inna? 'Yar saniyar da Inna ta zo da ita daga gidansu?"

"Ba ta garke. Ni na ja ta kasuwa da hannuna."

Sukundireban da ke gefen gwiwarta ya gangara ya shige ƙarƙashin kujera. Ba wanda ya bi ta kansa.

"Bappa, Inna fa ba ta san mene ne kwamfuta ba."

"Ba ta sani ba. Amma ta san muryarki. Duk ranar da kika kira Kabir, ba kya jin muryarsa daga nesa-nesa? A lasifika yake sa wayar. Ita ta ce ya riƙa sawa. Za ta juya baya tana kaɗa nono kamar ba ruwanta, amma da kin fara magana maburgin ke tsayawa."

Zuwaira ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Ranar da kika yi kuka kika ce masu aikin Kano sun mayar miki da katun ɗinki saboda hoton na tsinkewa, kika ce da kina da katin nan da ba haka ba, washegari ta sa Kabir ya maimaita mata sunan abin har sai da ta riƙe. Sannan ta aika aka kira ni."

"To me ya hana ta faɗa min?" Muryarta ta fashe. "Me ya hana ta kira sunana ko sau ɗaya? Kabir tana kiransa. Ƙannena duka tana kiransu, tana musu faɗa, tana musu dariya. Ni kuwa 'waccan ta Ƙaraye'. In na shiga ɗaki ta fita. In na gaishe ta bango take kallo. Bappa, ni ba saniya nake so ba. Uwa nake so."

Wallahi ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye wayar na goge ido a nan.

Bappa ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

"Haka aka yi mata, ita ma 'yar fari ce. Haka aka yi wa uwarta. Ni ban ce daidai ba ne, ban kuma ce ki daina jin zafi ba. Amma kunya daban, ƙiyayya daban, kada ki haɗa su."

"Ko buɗe shagona ba ta zo ba."

"Wa ya ce?"

Ta ɗago.

"Leƙa waje. Kin ga rumfar mai man gyaɗa a tsallaken titi? Nan ta tsaya tun da aka fara addu'a har aka watse. Da kika fito kina raba alawa, da mayafi ta rufe fuska don kada ki gane ta. A babur ɗina na kawo ta, a babur ɗina na mayar da ita. Har muka isa Gwangwan ba ta ce min uffan ba, sai da za ta sauka ta ce, 'Ashe ta yi tsawo.'"

Zuwaira ta kifa kai a jikin akwatin kwamfutar ta yi kuka mai isarta. Bappa bai hana ta ba. Sai da ta lafa ya ce,

"To yanzu za a mayar wa mai shi, ko za a saka?"

Ta yi dariya cikin hawaye, ta rarrafa ta lalubo sukundirebanta.

Ta daidaita katin a dogon raminsa, ta danna a hankali har ya ce ƙas. Ta ɗaure noti. Ta jawo wayar wuta mai baki shida ta cusa masa a gefe. Ta tayar da akwatin, ta zagaya bayansa riƙe da wayar da ke zuwa allo.

Sai ta tsaya.

"Bappa, akwai matsala."

"Innalillahi. Wace iri kuma?"

"Allon nan nawa tsohon yayi ne. Ka ga wayarsa mai shuɗin kai? Katin ba shi da ramin da za ta shiga. Duk ramukansa na zamani ne."

"To ki mayar da ita inda take da mana."

"In na mayar da ita tsohon rami, kamar ban sa komai ba ne. Ƙaramin ne zai ci gaba da wahala, sabon yana zaune yana kallo."

"Wato saniyar ta tafi a banza?"

"A'a! Akwai ɗan abin haɗawa, sai dai sai Kano. Ko kuma a samu talabijin ta zamani, irin ta Goggo, wayarta za ta shiga."

Bappa ya zaro wayarsa ya fita bakin ƙofa. Ta ji ya yi 'yan kalmomi da Fillanci ƙasa-ƙasa, ya dawo ya zauna yana wani murmushi da ba ta gane kansa ba.

"Ana kawowa."

Ta zata Goggo za ta ba mai babur. Tana cikin share ƙurar tebur ta ji Kausar daga shagon gefe tana cewa, "Ikon Allah! Ku zo ku ga!"

Ta leƙa.

Wata mace ce siririya ke tahowa a gefen titi, ta ɗora talabijin ɗin Goggo a kwance bisa gammo, ko riƙewa ba ta yi ba, wayar a naɗe a hannunta. Tafiya take a miƙe, irin tafiyar wadda ta shekara da shekaru tana kai nono kasuwa bai taɓa zuba ba. Masu awara sun bar suya sun bi ta da kallo.

Inna ce.

"Bappa! Dama tana garin nan?"

"Tun safe. Ta ce wai Goggonki ta zo dubawa. Goggonki da lafiyarta ta fi tawa."

Inna ta sunkuya ta shigo da sallama, Bappa ya taya ta saukewa. Zuwaira ta zube har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Inna. Ya hanya?"

Inna ta kalli bango.

"Bappan yara, ka ce wa mutanen Ƙaraye muna amsawa."

"Sun ji," in ji Bappa.

"Ka tambaye su wannan ɗin zai yi, ko a nemo wani."

"Ina za ki samo wani, Adama?"

"Zan samo."

Zuwaira ta cije leɓe.

"Bappa, ka ce mata zai yi."

"An ce zai yi."

Kun ga shago ne da in mutum uku suka tsaya sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa, amma Bappa ya zama ɗan aike tsakanin uwa da 'ya. Inna ta samu gefen tabarma kusa da ƙofa ta zauna, ta ba su rabin baya, tana gyara bakin zaninta da ba abin da ya same shi.

Zuwaira ta jingina talabijin a kan tebur, ta cusa wayarsa a ramin sabon katin. Ta yi bisimilla ta danna maɓalli.

Shiru.

Baƙi ƙirin.

Sai talabijin ya yi haske, rubutu ya fito manya-manya, komai ya kumbura kamar an jiƙa shi.

"Bappan yara," in ji Inna ba tare da ta juyo ba, "haka abin yake? Ai wannan ya fi na da muni."

"Adama, ke da ba kya kallo, ya aka yi kika gani? Kuma yaushe kika ga na da?"

"Ta taga ake gani."

"Bappa, ka ce mata sai na sa masa manhajarsa tukuna, kwamfutar ba ta gama saninsa ba. Tun jiya na sauke ta."

"An ce baƙo ne, sai an gabatar da shi."

Ta sa manhajar. Ana cikin tafiya allon ya ɗauke ɗif.

Inna ta miƙe zumbur.

"Ya ƙone!"

Ta manta da bango, ta manta da Bappa, har ta taka zuwa bakin tebur. Kafin kowa ya yi magana hoton ya dawo, tas, garau, ko ƙwayar rubutu ɗaya ba ta karkace ba. Inna ta ga inda take tsaye, ta yi gyaran murya, ta hau kallon silin kamar shi ta zo dubawa.

"Alhamdulillahi!" in ji Bappa.

Amma Inna ba ta koma tabarma ba. Ta sunkuya tana leƙen cikin akwatin da ba a rufe ba.

"Bappan yara, fankokinsa ba sa juyi. Kabir ya ce mai fanka biyu ne. An cuce mu."

"Bappa, ka ce mata sai ya ɗauki zafi suke tashi. Yanzu hutawa yake, ba a ba shi aiki ba."

"To a ba shi mana," in ji Bappa. "Nuna mana aikin da ya ci farar saniya."

Zuwaira ta yi turus.

"Bari... bari na nemo na dila da kaza, shi ne yara suka fi so."

Ta danna manhajar zanenta. Abin da ta manta shi ne, manhajar kan buɗe aikin da aka bari a ƙarshe. Kuma a da sai ta je ta sayo ruwa ta dawo bai gama buɗewa ba, tana da lokacin rufewa. Yau kafin ta ɗauke yatsa ya cika allo.

Fankokin nan biyu suka tashi, fuuu.

Ruga ce da hantsi. Wata mace zaune a kan turmi ta juya baya tana kaɗa nono. A tsohon allo wannan matar dunƙulen toka ce kawai, ko Zuwaira da ta zana ta ba ta taɓa ganinta a cike ba. Yau ga zanen zaninta, ga kitsonta, ga awarwaron hannunta na motsi, ga hasken rana a bayan wuyanta.

Matar ta juyo.

Ga tsagar nan guda biyu a gefen baki. Ga ɗan tabon nan a saman gira. Ko makaho ya shafa ya san fuskar wace ce.

Bappa ya kalli allo, ya kalli Inna, ya laluba takalminsa.

"Kamar an kira la'asar."

"Ba a kira ba, Bappa!"

"To zan je na jira a kira."

Ya fice, har da jawo ƙofa.

Zuwaira ta kai hannu za ta tsayar, hannun ya ƙi ba ta haɗin kai, ta danna inda ba shi ba. Sauti ya ƙaru. Matar cikin talabijin ta ajiye maburgi, ta yi murmushi, ta buɗe hannuwa.

"Zuwaira! Zo nan 'yata. Zo ki sha nono."

Wata 'yar yarinya ta rugo da gudu ta faɗa jikinta. Hoton ya tsaya a nan, don iya inda aikin ya kai ke nan.

Ba abin da ake ji a shagon sai fanka.

Zuwaira ta sunkuyar da kai, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wannan ba na sayarwa ba ne. Ko Kabir bai san da shi ba. Ita kaɗai take kunna muryar idan abin ya ishe ta, ta saurara, ta rufe.

Inna ta daɗe a tsaye. Ta kai hannu kamar za ta taɓa fuskar da ke allon, ta fasa. Ta waiga inda Bappa yake zaune ɗazu, ba kowa sai kujera.

Ta kalli bango. Ta kalli ƙofa.

Sannan ta juyo ta kalli 'yarta, ido cikin ido.

"Wa ya yi maganar nan?"

"Ni ce, Inna."

"Ke?"

Zuwaira ta ji wannan "ke" ɗin har tsakiyar kanta. Ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan tebur.

"Ba haka muryata take ba," in ji Inna. "Wannan ai muryar mai mura ce."

"Ban... ban san yadda za ki faɗe shi ba, Inna. Ban taɓa ji ba. Ƙirƙira na yi."

Inna ta ja dogon numfashi. Ta sa gefen mayafi ta share ido ɗaya, ta share ɗayan.

"A ina ake sa maganar?"

Zuwaira ta nuna ɗan makirfon da ke tsaye a gefen tebur.

Inna ta jawo kujerar Bappa ta zauna. Ta matso da makirfon gabanta da hannu biyu, yadda ake ɗaukar ƙwarya cike da madara.

"Kunna."